Daga Allon Laka Zuwa Math.sqrt: Tarihin Neman Saiwar Lamba

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya fara koyon tsara shafukan intanet da harshen JavaScript ba zai daɗe ba zai gamu da wannan ɗan layi: Math.sqrt(2). Ka rubuta shi, ka danna, kafin ƙiftawar ido ordinatar ta amsa maka da 1.4142135623730951. To, yanzu ka ce mata ta ninka wannan amsa da kanta. Kowa ya san 2 ya kamata ta fito. Amma abin da za ka gani shi ne 2.0000000000000004. Daga ina wannan 4 ɗin na can ƙarshe ya ɓullo? Na'urar ce ta lalace? Ko kusa. Wannan ɗan 4 yana da tarihi na kusan shekara 3,800, kuma wanda ya san tarihin ya fi wanda ya haddace layin kawai sanin abin da yake yi.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Abin da mushen lissafi ke kira "rasin kare" a aji, ba ruwansa da karen da ke haushi a ƙofar gida. Rasin saiwa ce, irin ta itace. Saiwa ta biyu ta wata lamba ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka lambar farko. Fili mai murabba'in mita 400, in tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, kowane gefe mita 20 ne, domin 20 sau 20 shi ne 400. Saiwa ta uku kuma ninki uku ne: ta 8 ita ce 2. Sannan ku lura, a lakwal wakafi muke sawa tsakanin cikakkiyar lamba da ɓarɓashinta, JavaScript kuwa ɗigo take so. Da ɗigon za mu tafi a nan.

Ɗalibin Babila

A jami'ar Yale ta Amurka akwai wani ɗan allon laka, kewayayye, wanda bai fi tafin hannu ba. Lambarsa a ma'ajiya YBC 7289. Daga Mesopotamiya ya fito, wato ƙasar Iraki ta yau, kuma an rubuta shi tsakanin shekara ta 1800 da ta 1600 kafin Miladiyya. A kansa an zana murabba'i da layuka biyu masu ratsawa daga kusurwa zuwa kusurwa. A gefe ɗaya an rubuta 30. A kan layin tsakiya an rubuta lambobi huɗu: 1, 24, 51, 10.

Mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙirga, ba da goma-goma ba. Gadonsu ne muke ci har yau da muke cewa awa ɗaya minti 60 ce, minti ɗaya daƙiƙa 60. Saboda haka waɗannan lambobi huɗu suna nufin 1, a ƙara 24 bisa 60, a ƙara 51 bisa 3,600, a ƙara 10 bisa 216,000. In ka haɗa su za ka samu 1.41421296. Ku koma sama ku dubi amsar ordinatar: 1.41421356. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Da a ce fili ne mai kilomita ɗaya a kowane gefe, kuskuren awon daga kusurwa zuwa kusurwa ba zai kai milimita ɗaya ba.

Masana sun fi karkata ga cewa ɗalibi ne ya rubuta allon, domin irin waɗannan kewayayyun alluna su ne kayen ƴan makaranta na wancan zamani. Wato wani ɗan uwanmu ne, yana zaune gaban malaminsa da tsinken kara a hannu, ba kalkilatiris, ba wutar lantarki.

Lambar da ba ta ƙarewa

Babilawa amsa mai amfani suke nema. Girkawa, almajiran Pitagor, a ƙarni na 5 kafin Miladiyya, sai suka yi wata tambaya dabam: shin akwai faraksiyo da ta yi daidai da saiwar 2 cif-cif? Suka gano babu. Hujjar kuwa ba ta fi ƙarfin wanda ya taɓa wasan cika ko mara ba.

A ce akwai irin wannan faraksiyo, a bisa b, kuma an rage ta har ba ta ƙara raguwa. To a sau a zai zama ninki biyu na b sau b, ke nan cika ne. Mara sau mara kullum mara ne, don haka dole a kanta cika ce. In a cika ce, a sau a zai rabu huɗu daidai, sai b sau b ya zama cika, b ma ta zama cika. Ga shi nan duka biyun suna rabuwa biyu, alhali mun ce an riga an rage faraksiyon har ƙarshe. Magana ta ci karo da kanta. Ashe tun farko babu faraksiyon.

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne tushen zancen gaba ɗaya. Ƙwayoyin lambar da ke bayan ɗigo a saiwar 2 ba su ƙarewa, ba su kuma komawa su maimaita kansu. Ba allo, ba takarda, ba na'urar da za ta iya ɗauke su duka. Duk wanda ya rubuta saiwar 2 da lambobi, kusa ya rubuta, ba daidai ba. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya samu hanyar matsawa kusa da sauri.

Hanyar Heron

Hanyar da ta fi shahara tana cikin littafin Metrika na Heron, injiniyan birnin Iskandariya ta Masar, a ƙarni na 1 na Miladiyya. Littafin ya ɓace tsawon ƙarnuka, sai a 1896 aka gano kwafinsa a Istanbul. Misalin da Heron ya bayar shi ne 720. Ya ce 720 ba ta da cikakkiyar saiwa, amma 729 na kusa da ita, kuma saiwarta 27. Raba 720 da 27, ka samu 26 da kashi 2 cikin 3. Ɗauki mwayen ɗin wannan da 27, ka samu 26 da kashi 5 cikin 6. In kana son ka ƙara matsawa, sake yin haka da sabuwar amsar.

Mi ya sa take aiki? Ku ɗauki fili mai murabba'in mita 500. Ka yi kirdado ka ce gefensa mita 22 ne. In tsawo 22 ne, dole faɗi ya zama 500 raba 22, wato 22.727. Ɗaya ya gaza, ɗaya ya zarce, gaskiya tana tsakaninsu. Mwayen ɗinsu 22.364. Amsar gaske 22.361. Taki ɗaya kawai, kuskure ya koma milimita 3.

Mu gwada da 2, mu fara da kirdadon 1. Takin farko 1.5. Na biyu 1.41667. Na uku 577 bisa 408, wato 1.4142157. Na huɗu 1.41421356237, ƙwaya 11 bayan ɗigo duk daidai. A kowane taki, yawan ƙwayoyin da suka yi daidai kusan ninkuwa yake yi. Abin sha'awa, wannan 577 bisa 408 ita ce ƙimar da ke cikin Sulba Sutra na Baudhayana a Indiya, littafin da ke koyar da awon wuraren hadaya ɗaruruwan shekaru kafin Heron.

Akwai wata hanyar kuma, mai fitar da amsa ƙwaya bayan ƙwaya kamar dogon rabawa. Tana cikin littafin Sinawa mai suna Babi Tara na Fasahar Lissafi, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekara ta 263, har da saiwa ta uku. Aryabhata na Indiya ma ya rubuta irinta a 499. Ita ce wadda tsofaffin littattafan lakwal ke koyarwa kafin kalkilatiris ta yi araha.

Yadda lamba ta samu saiwa

To wa ya kawo zancen saiwa cikin lissafi? A nan sai mu nufi Bagadaza. Wajen shekara ta 820 Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa na al-jabr wal-muƙabala, wanda daga sunansa aka samu kalmar aljebra. Lambar da ake nema yana kiranta jizr, wato saiwa, ninkinta da kanta kuma mal, wato dukiya. Kamar dai a ce dukiyar itace ce da ta tsiro daga saiwar.

Sanannen misalinsa: dukiya ɗaya da saiwa goma sun yi daidai da 39. Ya ce raba goma biyu, 5. Ninka ta da kanta, 25. Ƙara a kan 39, 64. Cire saiwarta, 8. Ɗebe 5, saura 3. Ku gwada: 9 da 30 sun ba da 39. Babu alama ko ɗaya a rubutunsa, duk da kalmomi ne, taki bayan taki. Irin wannan jerin umurni shi ake kira algoritim yau, kuma kalmar sunan al-Khwarizmi ce da bakin Turawa ya lanƙwasa. Da Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a 1145, jizr ta koma radix, daga nan Faransanci ya samu rasin ɗin da muke ji a aji.

Shekara 600 bayan al-Khwarizmi, a Samarkand, Jamshid al-Kashi ya kammala Miftahul Hisab a 1427. Ƴan lise sun san sunansa, shi ne mai teyorem ɗin Al-Kashi na gefunan tiriyangil. A cikin littafin ya cire saiwa ta biyar ta wata lamba mai ƙwaya 14, da hannu, cikin jadawali. Wanda ke kukan egzamen ya yi wuya, ya tuna da wannan bawan Allah.

Alamar √ kuwa ƴar baya-bayan nan ce. Ta fara fitowa a ɗab'i a 1525 cikin littafin Christoph Rudolff da Jamusanci, sannan Descartes ya ƙara mata layin nan da ke rufe lamba ta sama a littafinsa na 1637. A tsakanin nan, a 1545, Cardano na Italiya ya yi karo da wata matsala: raba 10 gida biyu ta yadda in ka ninka su za su ba da 40. Amsar ta buƙaci saiwar −15, abin da babu shi cikin lambobin awo, tunda duk lambar da ka ninka da kanta ba ta sauka ƙasa da sifili. Ku ajiye wannan ma, za mu sake gamuwa da shi.

Gajerar hanya

A 1614 John Napier na Sikotilan ya fito da logaritim. Amfaninsa shi ne yana mai da ninkawa tarawa, yana mai da neman saiwa rabawa. Kana son saiwa ta biyu? Nemo logaritim ɗin lambar a jadawali, raba shi biyu, koma jadawali ka ga lambar da ta dace. Saiwa ta bakwai? Raba bakwai. Amma wani ne ya sha wuya kafin wasu su huta: don haɗa jadawalinsa na 1624, Henry Briggs ya cire saiwar 10, ya cire saiwar amsar, ya sake, har sau 54 a jere.

Daga wannan tunani ne ake ganin cewa saiwa ta biyu daidai take da ɗaga lamba zuwa ƙarfin rabi, ta uku kuma zuwa ƙarfin 1 bisa 3. Newton a 1669, da Joseph Raphson a 1690, suka kawo hanyar matsawa kusa da amsar kowace irin ekwasiyo taki-taki. In ka ɗora hanyarsu a kan neman saiwa ta biyu, abin da zai fito maka shi ne hanyar Heron, ba ragi ba ƙari.

Na'ura da dokarta

Da na'urori suka zo, saiwa na cikin ayyukan farko da aka ɗora musu. Z3, wadda Konrad Zuse ya gama a Berlin a 1941, ayyuka biyar take yi: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da cire saiwa. ENIAC ta Amurka tana da sashe na musamman na rabawa da saiwa. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fito da HP-35, kalkilatiris ta kimiyya mai shiga aljihu.

Sai dai kowane kamfani da yadda yake ajiye lambobi masu ɗigo, har lissafi ɗaya ya ba da amsa dabam-dabam a na'urori biyu. Maganin wannan ruɗani ya zo a 1985 da ƙa'idar IEEE 754, wadda William Kahan na jami'ar Berkeley ya yi wa jagora, bayan aikin da ya yi da Intel a kan guntun lissafi na 8087 a 1980. Ƙa'idar ta ce a ajiye lamba a gurbi 64, kowane gurbi sifili ko ɗaya: gurbi 1 na alamar ƙari ko ragi, 11 na girman lamba, 52 na ƙwayoyinta. A ƙirgarmu ta goma-goma, wannan ƙwaya 15 zuwa 17 ke nan. Ta kuma wajabta cewa amsar saiwa ta biyu ta zama lambar da ta fi kowace kusa da gaskiya cikin waɗanda gurbin zai iya ɗauka.

Ga asalin 4 ɗinmu. Saiwar 2 ba ta ƙarewa, kamar yadda Girkawa suka nuna. Na'ura ta yanke ta a gurbi na 52, kamar yadda ɗalibin Babila ya yanke tasa a lamba ta huɗu. Abin da ta ajiye ya ɗara gaskiya da ɗan ƙanƙanin abu. In ka ninka shi da kansa, wannan ɗan ƙari ne ke leƙowa a ƙarshe.

JavaScript da kayan aikinta

A watan Mayu na 1995, a kamfanin Netscape, Brendan Eich ya haɗa samfurin farko na harshen cikin kwana 10. An fara kiransa Mocha, sannan LiveScript, a Disamba ya zama JavaScript. A watan Yuni na 1997 ƙungiyar Ecma ta fitar da ƙa'idarsa ta farko, ECMA-262. Tun a lokacin lambobin harshen na IEEE 754 ne masu gurbi 64, kuma akwai Math.sqrt na saiwa ta biyu, da Math.pow na ɗaga lamba zuwa ƙarfi, har da Math.SQRT2, saiwar 2 a ajiye.

Shekara 18 bayan haka, mai neman saiwa ta uku ba shi da hanya sai ta Napier: Math.pow(x, 1/3). Hanyar kuwa tana da ramuka biyu. Na farko, Math.pow(64, 1/3) ba 4 take bayarwa ba, 3.9999999999999996 ce. Dalili, 1 bisa 3 ma ba ta shiga gurbi 52 cif, abin da aka ajiye ya ɗan gaza. Kada ku ce ƙaramin abu ne. A ce wani ya tsara shafi mai lissafa gefen ramin ajiye ruwa mai ɗaukar kubik mita 64, ya kuma sa Math.floor ta yar da abin da ke bayan ɗigo. Shafin zai ce a haƙa mita 3 a kowane gefe. Ramin zai ɗauki kubik mita 27, ko rabin abin da ake so bai kai ba.

Rami na biyu, Math.pow(-8, 1/3) tana ba da NaN, ma'ana "wannan ba lamba ba ce", alhali kowa ya san −2 sau −2 sau −2 shi ne −8. Ƙa'idar harshen ta ce in lamba tana ƙasa da sifili kuma ƙarfin ba cikakkiyar lamba ba ne, amsa NaN. Na'ura ba ta ga "saiwa ta uku" ba, wata lamba mai ɗigo kawai ta gani. Haka Math.sqrt(-15) ma NaN ce: matsalar Cardano ke nan, domin JavaScript ba ta zo da lambobin kompilekis ba.

Sai a bugun 2015 aka ƙara Math.cbrt, mai ba da 4 ga 64 da −2 ga −8. Tare da ita aka kawo Math.hypot, mai lissafin Pitagor kai tsaye: Math.hypot(60, 80) ta ba da 100, awon nan da magina ke yi da igiya don kusurwar ɗaki ta tsaya daidai. A bugun 2016 aka kawo alamar taurari biyu, ta yadda 9 ** 0.5 ke ba da 3. Saiwa ta huɗu, ta biyar, zuwa sama, har yanzu ba su da nasu kayan aiki, sai dai x ** (1/n). In cikakkiyar lamba kake tsammani, sa Math.round, sannan ka ɗaga amsar zuwa ƙarfin n ka ga ko ta koma lambar farko.

Heron bai yi ritaya ba

Ga abin da ya fi ban sha'awa. Lambobin JavaScript na yau da kullum ba su riƙe cikakkiyar lamba daidai in ta wuce 9007199254740991. Saboda haka a bugun 2020 aka kawo BigInt, mai ɗaukar lamba komi tsawonta. Amma in ka miƙa wa Math.sqrt irin wannan lamba, ƙin karɓa za ta yi, ta jefo maka TypeError. To mi masu tsara manhaja ke yi? Zama suke su rubuta hanyar Heron da hannunsu: kirdado, rabawa, mwayen, a sake.

Ku ma za ku iya, da lambobi na yau da kullum. A sibar ko a ɗakin ordinatar na makaranta, ku buɗe Chrome ko Firefox, ku danna F12, ku shiga wurin da aka rubuta Console, ku sa wannan:

function saiwa(a) {
  let x = 1;
  for (let i = 0; i < 30; i++) x = (x + a / x) / 2;
  return x;
}

Ku kira saiwa(2), saiwa(500), saiwa(720). Amsar za ta yi daidai da ta Math.sqrt, in ban da wataƙila ƙwayar ƙarshe. Sannan ku mai da 30 ɗin ta zama 3, ku dubi saiwa(2): 577 bisa 408 ce za ta fito muku da ɗigo, ta littafin Baudhayana.

Ƴan uwa, da yawanmu muna koyon wannan harshe ne don neman abin kai, kuma ba laifi. Amma kasuwa cike take da masu kwafe layi su manna ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba. Ranar da na'ura ta ba su NaN ko 3.9999999999999996, sai su tsaya cirko-cirko, ko kuma, abin da ya fi muni, ba su ma lura ba har a haƙa ramin. Wanda ya san cewa amsar na'ura kusa ce, ya san inda aka yanke ta da dalilin yankewar, shi ne zai iya gyara, shi ne kuma za a nema. Wancan ɗalibi na Babila da laka da kara ya kai kashi ɗaya cikin miliyan. Mu da ke da portabul a aljihu, ƙaramin abin da ya kamace mu shi ne mu san yadda aka yi.